Lasisin Aikin Feshin Ƙwari a Najeriya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Tun da damina ta sauka sauro ya dawo, wayata ba ta huta ba. Wani ya kwashi adashi ya sayi injin feshi na goyo, yana neman inda ake "yankar lasisi". Wani ya gama sakandare babu abin yi, ya ga maƙwabcinsa na zagaya unguwa da injin a baya yana samun na cefane, shi ma ransa ya biya. Wata Hajiya kuma makarantar kwana gare ta, kuɗin cizo ya hana yara barci, so take ta san yadda ake gane mai feshi na gaskiya. Na yi shekaru ina aikin duba-gari kafin na koma wannan sana'a kacokan, shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan kamar yadda nake amsa su baki da baki. Maganar Najeriya nake yi. Ta ƙasashen maƙwabta tana can wajen ƙarshen rubutun.

Malam, da gaske sai da lasisi ake feshi? Ai kowa yana yi.

Kowa yana yi, kamar yadda kowa ke hawa babur babu lasisin tuƙi. Yawan masu yi bai halatta abin a wurin doka ba. Manomin da zai yi wa gonarsa feshi, da magidancin da ya sayo maganin sauro na gwangwani ya fesa a ɗakinsa, babu mai tambayarsu takarda. Amma ranar da ka karɓi kuɗin wani don ka shiga gidansa, ko otal, ko gidan burodi, ko asibiti, ka zuba guba, to ka shiga aikin da ke ƙarƙashin kiwon lafiyar muhalli, kuma wannan aiki yana da mai shi.

Mai shi ita ce majalisar kula da aikin lafiyar muhalli ta ƙasa, wadda ake kira EHCON. An kafa ta da doka mai lamba 11 ta shekarar 2002, a lokacin sunanta EHORECON, sai a 2022 aka yi wa dokar gyara aka sauya mata suna. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, hedikwatarta tana Abuja. Ita ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, ita ke ba kamfanonin feshi da na kwasar shara da na tsabtace gine-gine izinin aiki.

To lasisin ɗaya ne ko kala-kala ne?

Nan ne akasarin matasa ke ɓata hanya, don haka a saurara da kyau. Lasisin iri biyu ne, kuma ba sa maye gurbin juna.

Akwai na mutum. Wannan shaida ce cewa wane ɗan wane ya karanta lafiyar muhalli a makarantar da aka amince da ita, ya ci jarrabawa, majalisa ta sa sunansa a rajistarta a matakin da karatunsa ya kai: mataimaki ne, ko mai difloma, ko cikakken jami'i. Ba a sayen wannan. Ba a gadonsa. Ba a samunsa a mako guda.

Akwai kuma na kamfani. Shi ne izinin da ke ba kamfani damar buɗe ofis ya ce yana aikin kashe ƙwari da ɓeraye. Mai kamfanin ba lallai ne ya zama jami'in lafiyar muhalli ba. Ɗan kasuwa ma yana iya zuba jarinsa. Sai dai dole a samu jami'i mai lasisi da zai tsaya a kan aikin, wanda idan abu ya ɓaci shi za a fara kira. Abin da ake nema a wurin kamfani ya haɗa da takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, da shaidar wannan jami'in, da jerin kayan aiki, da ofis da ɗakin ajiyar magani waɗanda za a iya zuwa a gani da ido.

Ke nan wanda ke goye da injin yana feshi yana cikin ɗayan hali biyu: ko shi kansa mai lasisi ne, ko yana aiki ƙarƙashin kamfani mai izini da jami'in da ke duba shi. Wanda ba ya cikin ko ɗaya, shi kaɗai ne a fili ranar da tsautsayi ya faɗa, babu inuwar da zai fake.

Ni iyakata sakandare. Ta ina zan fara?

Idan kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Kimiyyar Sinadarai da Kimiyyar Halittu, ƙanena, koma makaranta. Difloma ta ƙasa shekara 2 ce, babbar difloma ƙarin shekara 2. Da ita kana da hanyar feshi, kana da hanyar aikin gwamnati, kana da hanyar zama jami'in da kamfanoni ke nema su sa sunansa a takardunsu.

Idan takardun ba su cika ba, ko nauyin gida ba zai bar ka ka zauna aji ba, nemi kamfani mai izini ka shiga a matsayin yaron aiki. Za ka sha ɗaukar kaya da wanke injin. Kada ka raina wannan. Ni ban taɓa barin sabon yaro ya haɗa magani ba sai ya yi wata uku yana kallo, kuma ban taɓa yin da-na-sani a kan haka ba. Wanda ya ƙi zama yaro a wannan sana'a, a jikin mutane zai koyi aikin.

Waɗanne makarantu ne ke koyarwa?

A Arewa tsohuwar cikinsu ita ce makarantar koyon aikin tsafta ta Kano, wadda ke yaye duba-gari tun zamanin Turawa. Bayan ita kusan kowace jiha na da kwalejin kimiyyar lafiya: ta Shehu Idris a Maƙarfi, da na Kankiya da Daura, da Jahun, da Ningi, da Tsafe, da Gwadabawa, da Jega, da Kaltungo. Mai son digiri akwai jami'o'in da ke yin kwas ɗin lafiyar muhalli, ciki har da jami'ar jihar Kwara da ke Malete da jami'ar karatu daga gida, NOUN. Masu difloma kan zauna jarrabawar WAHEB, hukumar shirya jarrabawar aikin lafiya ta Afirka ta Yamma.

Abu ɗaya kafin ka biya kuɗin fom: makarantun kuɗi na kiwon lafiya sun yi yawa kamar jamfa a Jos, kuma ba kowacce ce aka tantance kwas ɗinta ba. Tambayi ko majalisa ta amince da kwas ɗin lafiyar muhalli na wannan makaranta, kuma kada ka tambayi makarantar, tambayi majalisar. Na ga wanda ya gama shekara uku ya zo rajista aka ce ba a san makarantarsa ba.

Na yi bita ta kwana biyar an ba ni satifiket mai hatimi. Ya isa?

Ya isa a rataye a bango. Bita tana da amfani, musamman wadda ƙungiyar masu sana'ar, PECAN, ko kamfanonin da ke shigo da magani ke shiryawa, don a can ake jin sabon magani da sabuwar dabara. Amma shaidar halartar bita daban, lasisi daban. Wanda ya ce maka ka turo kuɗi ta asusunsa na kansa zai kawo maka lasisin majalisa gida, kuɗinka yake so.

Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC. Ba shi ke nan ba?

A'a. CAC sunanka ta yi wa rajista, ba iliminka ba. Matakin farko ne kawai. Shawara ɗaya: lokacin cike fom, a tabbata an rubuta kashe ƙwari da feshi cikin ayyukan da kamfanin zai yi, don kada a je gaba a ce takardar ta sayar da kayan masarufi ce.

Ina NAFDAC ta shigo cikin maganar?

NAFDAC ba ta ba mai feshi lasisi. Maganin take yi wa rajista. Duk kwalbar da za ka buɗe a gidan mutane ya kamata ta zo da lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi ta, da ranar da za ta lalace. Idan kuma ka wuce feshi ka shiga shigo da magani ko sayar da shi, nan kai tsaye izininta kake buƙata.

Bari in daɗe a nan, don nan ne ake kashe mutane. Abin da yawancin masu feshin unguwa ke amfani da shi shi ne DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da danginsa, kuma shi ne ake tsarmawa a ɗura a ƙananan kwalabe a sayar a tasha da sunan fiya-fiya. Maganin gona ne mai ƙarfi, ba na ɗakin kwana ba. Dalilin da ya sa ake son sa shi ne yana kashewa nan take, mai gida ya ga kyankyasai sun zube ya ce lallai wannan yaro ya iya aiki. Abin da bai sani ba shi ne yadda yake kashe kyankyaso haka yake taɓa jijiyoyin ɗan Adam, kuma yana tashi ya zama tururi a ɗakin da aka rufe. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, ta kuma hana ƙananan kwalabensa na mililita 100. Je kasuwa yau ka gani ko ya ɓace. Samunsa a kan tebur ba hujja ba ce.

Dattawa za su tuna Gamalin, wanda har kifi aka riƙa kamawa da shi a rafi. An daɗe da haramta shi. Na baya-bayan nan, NAFDAC ta sa 2024 a matsayin shekarar daina amfani da kulofirifos, wanda shekara da shekaru shi ne abin da ake zuba wa gara a harsashin gini. Mai lasisi dole ya riƙa bin irin wannan sanarwa, don maganin da ka koya a makaranta yana iya zama haramtacce kafin ka yi furfura. Shi ya sa ma ake sabunta lasisin lokaci-lokaci, kuma majalisa ke neman shaidar ƙarin horo kafin ta sabunta.

Me ake so mutum ya sani? Ai feshi feshi ne.

Danna hannun injin, yaro ɗan shekara goma ma zai iya. Abin da ake biyan ka dominsa uku ne: karanta kwalba, lissafi, da sanin halin abin da ka zo kashewa.

Kwalba tukuna. A ƙasan takardar da ke jikinta akwai zane mai launi. Ja na nufin guba mai tsananin haɗari, rawaya matsakaici, shuɗi ƙasa da haka, kore shi ne mafi sauƙi. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na talla ne. Wanda ya dame ka shi ne sunan sinadarin da aka rubuta ƙanana a ƙarƙashi. Kamfani goma na iya sayar da abu ɗaya da suna goma. Idan ka fesa ɗaya bai yi ba, ka sayo ɗan'uwansa da wani suna, ba ka canza komai ba sai aljihunka.

Sai lissafi. Kwalba ta ce mililita 50 a lita 10 na ruwa, injinka kuma lita 16 yake ci. Nawa za ka zuba? 80. Wanda ya tsaya yana ƙirga yatsu a nan bai shirya ba. Kuma da abin awo ake aunawa, ba da murfin kwalba ba, balle a ce "ƙara kaɗan don ya yi ƙarfi". Ƙarin ba ya ƙara kashe ƙwaro, masu gidan yake ƙara wa haɗari.

Na uku shi ne inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ƙwan kuɗin cizo ba ya jin yawancin magunguna, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka feshi ɗaya ba ya raba gida da shi. Sai an dawo bayan kamar mako biyu. Shi kuɗin cizon ba ya zama a tsakar ɗaki, yana cikin ɗinkin katifa da tsagar gado da bayan allon bango. Zafi yana kashe shi har da ƙwan, shi ya sa a watan Afrilu ranar Kano ko Sakkwato, da baƙar leda a naɗe kaya a shanya, ta fi rabin kwalbar magani aiki. Ƙaramin kyankyaso na kicin, jakar ƙwansa ɗaya tana ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40, kuma maganin da ake ɗiga masa ya ci ya fi feshi tasiri a kansa. Gara kuwa wadda ka gani a jikin azara 'yar aike ce; gidan yana ƙarƙashin ƙasa. Sauro a sassa da dama na ƙasar nan ya riga ya saba da magungunan da sunansu ke ƙarewa da "thrin", kuma ko bai saba ba, idan kwatar ƙofar gida ta toshe, bayan kwana goma wani sabon ayari zai taso. Wani lokaci aikin da ya dace shi ne ka ce wa mai gida ya yashe kwata ya toshe ramuka, ba ya buƙatar feshi. Ka yi asarar kuɗin ranar, ka samu abokin ciniki na shekaru.

Ɓera ma akwai abin sani. Maganin zamani mai hana jini daskarewa yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, da gangan aka yi shi haka don ɓera kada ya gane abincin ne ya cuce shi. Ana sa shi a cikin akwatin da yaro da kaza ba za su kai gare shi ba. Gawar kuma ba a ɗauka da hannu tsirara, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa.

Ni harkar hatsi nake so, irin sito-sito na Dawanau. Daidai yake da feshin gida?

Ko kusa. Wannan turare ne ba feshi ba, kuma shi ne mafi haɗari a duk sana'ar. Ƙwayar da ake sa wa hatsi, irin su Phostoxin, idan ta sha danshin iska tana sakin iskar fosfin. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska. Tana da wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada ka dogara da hanci. Ba ta da makari. Asibiti sai dai su tallafa wa numfashi da zuciya su jira ikon Allah. Tana ratsa tsagar bango da silin. Duk wanda ya sa ta a ɗakin da ake kwana, ko a shagon da ya haɗa bango da ɗakin kwana, ya ɗana wa mutane tarko. Kuma ba a taɓa amfani da ita don kuɗin cizo ko ɓera a cikin gida, ko da mai gidan ya roƙe ka.

Aikin yana son a auna girman wurin: sito mai tsawon mita 10, faɗi 5, tsayi 4, idan ka ninka su, kubik mita 200 ke nan na cikin ɗaki. A lulluɓe buhuna da tamfol da ba ya fitar da iska, a danne gefensa, a bar shi kwana 5 zuwa 7 a ƙalla, a kafa alamar gargaɗi, a hana mai gadi shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, sannan a buɗe a bar iska ta wanke wurin kafin leburori su shiga. Ɗan kasuwa zai matsa maka ka buɗe a kwana biyu don mota ta iso. Idan ka buɗe, manyan ƙwarin sun mutu, ƙwai na nan, ka kuma koya wa ƙwaron jure maganin.

Abin da wasu ke yi na yayyafa wa wake DDVP kai tsaye ya jawo mana abin kunya: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar wannan sinadari a jikinsa. Wanda Turawa suka ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alale. Ga ƙaramin manomi, buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, babu magani ko ɗigo. Mai son ƙwarewa a wannan fanni ya nemi horon cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, wadda hedikwatarta ke Ilorin kuma tana da reshe a Kano. Kayan da za a fitar waje kuwa, riɗi ne ko zoɓo ko citta, hukumar NAQS ce ke duba su ta ba da takardar lafiyar kaya.

Wane kaya zan fara saya?

Kayan kariya kafin injin. Rigar aiki mai haɗe da wando, safar hannu ta roba mai kauri, takalmin roba, tabarau mai rufe gefe, da abin rufe hanci mai matatar sinadari da ake canzawa. Takunkumin asibiti irin na lokacin korona ba ya tare tururin guba, rawani ko hankici kuwa jiƙewa suke yi su riƙe maganin a bakin hancinka. Na san zafi. Na san a watan azumi sa wannan kaya azaba ce. Mafita ita ce a yi aiki da sassafe ko da yamma, ba a tuɓe ba.

Sai injin goyo mai kyau da bakin feshi iri biyu ko uku, da kofin awo, da tocila, don rabin aikin leƙe-leƙe ne. Injin hayaƙi yana burge mutane, ƙara da farin hayaƙi kamar a fim, amma abin da ke tashi sama kawai yake kashewa. Bari sai ka samu aikin da ke buƙatarsa. Kuma injin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa kada ya shiga gidan mutane.

Idan magani ya taɓa wani fa? Mu a gida manja muke ba shi.

Kada a ba shi manja. Kada a ba shi madara ko nono, kada a sa masa yatsa ya yi amai. Yawancin magungunan nan a cikin mai aka narkar da su, amai na iya tura su huhu. A fitar da shi iska, a cire kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, ido kuma da ruwa mai gudu na kamar minti 15, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kwalbar ce za ta gaya wa likita abin da zai yi: dangin DDVP akwai allurar atirofin, maganin ɓera mai tsinka jini akwai bitamin K1. Alamun dangin DDVP su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Kai kanka mai feshi, idan ka dawo aiki da ciwon kai da jiri, ba gajiya ba ce, kada ka sha fanadol ka kwanta.

Nawa zan kashe gaba ɗaya?

Kuɗin fom da na rajista suna sauyawa, kuma sun bambanta tsakanin mutum da kamfani. Karɓi adadin daga ofishin majalisar, ka biya ta hanyar biyan kuɗin gwamnati a ba ka rasit. Abin da ya fi cin kuɗi ba takardun ba ne, albashin jami'in da zai tsaya maka ne da hayar wurin ajiya.

Wani ya ce zai ba ni aron lasisinsa in sa a takarduna, in riƙa ba shi wani abu duk wata.

Ana yi, kuma ban ga alherinsa ba. Shi yana can wani gari bai san gidan da ka shiga ba, kai kuma ba ka da wanda za ka kira idan ka ga abin da ba ka gane ba. Ranar bincike zai ce bai san ka ba. Idan za ka biya jami'i, biya wanda zai zo wurin aiki.

Jiha da ƙaramar hukuma fa?

Suna da nasu. Lasisin tarayya bai hana ma'aikatar muhalli ta jiha ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma neman ka yi rajista da su ba, kuma su ne ke zagayawa otal-otal da gidajen abinci suna tambayar takardar shaidar feshi. Je ka gabatar da kanka tun kafin su neme ka. Idan ka sa hannu a takardar shaidar feshi alhali ba ka je wurin ba, don mai otal ya ba ka na goro, wannan ce hanya mafi sauri ta rasa lasisi.

Malam, mace za ta iya wannan aiki?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, har kin fi mu wata dama. Gidaje nawa ne aka rubuta "ba a shiga" a zaure? Namiji sai a kwashe matan gida a kai su maƙwabta, ya yi aiki a gurguje, bai ga ƙarƙashin gadon uwargida ba, bai ga bayan kwanukan jere ba, alhali can ne ƙwarin suke. Mace za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta kuma yi wa matan bayanin abin da za su wanke da lokacin da yara za su koma. Ɗakunan kwanan ɗalibai mata ma haka. Sharaɗi ɗaya: mai juna biyu da mai shayarwa ba sa haɗa magani, ba sa feshi. A wannan lokacin ki riƙe duba wuri da lissafi da rubutu.

Ni ba sana'ar zan yi ba, mai feshi nake nema. Yaya zan gane na kirki?

Hajiya, ki ce ya nuna miki izinin kamfaninsa, ki duba ko bai ƙare ba. Sannan ki lura da abin da ya fara yi. Na kirki zagayawa yake yi da tocila yana tambaya: akwai jariri, akwai mai asma, akwai kaji ko kifi, ina rijiya, ina ake ajiye abinci? Zai nuna miki kwalbar a rufe da takardarta, ya rubuta miki sunan maganin da awannin da za a yi kafin a shiga. Wanda ya zo da ruwan magani a gorar lemo ya ce haɗinsa ne na sirri, ki ba shi kuɗin mota ya koma. Ƙarfin wari kuma ba shi ne ƙarfin aiki ba. Magunguna masu kyau da yawa kusan ba su da wari.

Lasisin Najeriya zai yi mini aiki a Nijar ko wata ƙasa?

Ba ya tsallake iyaka. A Nijar izinin sayar da magani da na yin feshi yana hannun hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma, magungunan kuma kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS da ke Bamako ne ya saba tantance su, don haka kwalbar da aka ɗauko daga Kano aka kai Maraɗi lambar NAFDAC ba ta wanke ta a can. A Ghana hukumar kare muhalli ce ke ba da lasisin. A Amurka kowace jiha da jarrabawarta. Ilimin zai bi ka duk inda ka je, takardar ce sai ka sake.

Jarkokin da suka ƙare fa? Mata na roƙo na ba su.

Kada ka bayar, ko mahaifiyarka ce ta roƙa. Roba tana shan magani, wanki da omo ba ya fitar da shi, kuma ka san inda jarkar za ta ƙare: ruwan sha, ko man gyaɗa, ko kunun zaƙi a bakin makaranta. Da zarar ta ƙare, ɗauraye ta sau uku kana juye ruwan ɗaurayar a cikin injin don ya tafi wurin feshi, ba kwata ba. Sannan ka sa wuƙa ka huda gindinta ta yadda ba za ta ƙara riƙe ruwa ba. Kada ka ƙona ta a tsakar gida, kada ka jefa ta bola inda 'yan gwangwan za su tsinta. Tara su a ɗakin ajiya mai makulli, ka rubuta adadinsu a littafin aikinka, ka tambayi dilan da ya sayar maka ko ma'aikatar muhalli ta jiharku inda ake karɓarsu.